Silin Gashin da Muka Gada

Ranar da aka kwantar da Baba, likita da tambaya ya fara: "A gidanku wa ya taɓa yin irin wannan ciwon?" Mu shida muka dubi juna. Yaya Babba ya ce kakarmu kumburin ƙafa ne ajalinta, an ce iska ce. Aka tuno Baffa, wanda ya rasu bai cika hamsin ba, yana fitsarin jini, an ce sammu ne. Likita ya juyo mana da hoton sikanin. Ƙodojin Baba duka biyun sun cika da ƙullutai masu ruwa, sun danne naman kirki kamar yadda kacala ke cinye hanyar ruwa a fadamarmu. Ya ce, "Wannan gado ne. Kowane ɗayanku rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ko bai ɗauko ba."

'Yan uwa, ciwon ƙoda ba baƙo ba ne a Haɗeja. Daga nan har Nguru da Gashuwa, da wuya ka sami wanda bai san mai zuwa wankin ƙoda ba. Wasu na zargin ruwan sha, wasu maganin feshin shinkafa, kuma masana na kan bincike. Hawan jini da ciwon suga kuwa tuni aka san ɓarnarsu. Namu dai daban ne, kuma da muka bi diddigi sai muka tarar da shi a jikin abin da ido ba ya gani.

Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kuma kusan kowace ƙwaya tana da silin gashi guda ɗaya tak da ya leƙo waje. Masana na kiransa siliya. Aikinsa jiyo labari, kamar eriyar rediyo. A cikin ƙoda yana tsaye a siraran bututun da fitsari ke bi, yana taimaka wa ƙwayar ta san girman da ya kamata bututun ya tsaya a kai. Tun 1898 wani masani mai suna Zimmermann ya bayyana shi, amma aka shafe kusan shekara ɗari ana ɗaukarsa tarkace marar amfani.

Abin da ya ɗaga darajarsa zai ba ku mamaki. A shekarar 2000, Gregory Pazour da abokan aikinsa a Amurka suna nazarin wata ƙwayar gansakuka ta ruwan kududdufi, dangin koren da ke rufe tafkunanmu bayan damina. Suka gano cewa ƙwayar gadon da ke gina gashin gansakukar ita ce ta lalace a jikin wasu ɓeraye masu ƙoda mai ƙullutai. Kafin nan an riga an gano ƙwayoyin gado biyu da ke jawo ciwon a jikin mutane, PKD1 a 1994 da PKD2 a 1996. Daga baya aka tabbatar cewa sinadaran da suke ƙerawa a kan wannan silin suke zama. Idan suka samu tangarɗa, bututu ya yi ta buɗewa yana tara ruwa. Ana ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 400 zuwa 1,000 na ɗauke da ciwon, kuma kusan rabinsu ƙodarsu kan gaza kafin shekara 60.

Ba ƙoda kaɗai ba ce. Ƙwayoyin da ke karɓar haske a ido da irin wannan silin suke aiki, shi ya sa lalacewarsa kan kawo dundumi, gani ya yi ta raguwa. A ƙwaƙwalwa, akwai sinadaran da ke sanar da mutum ya ƙoshi a kansa, don haka yana da hannu a wata ƙibar. Ƙwayoyin da ke fitar da insulin ma suna da shi. Akwai ciwon Bardet-Biedl da ke haɗa ƙiba, raunin gani, ciwon ƙoda da yatsa na shida. Kada Cindon gidanku ya tsorata, yawancin masu yatsa shida a wajenmu lafiyarsu ƙalau. Sai dai irin wannan ciwon sai uwa da uba duka sun ba da shi, don haka ya fi fitowa a auren zumunci.

Mu biyar muka je sikanin. Yaya Babba ya ƙi, ya ce, "Ku bar ni da abin da Allah Ya rufe." Biyu aka gani da ƙullutai, har da ƙanwarmu da aka sa wa rana. Sauran aka ce mu dawo nan gaba, don ƙullutan kan makara kafin su bayyana. Kwana uku ana ja-in-ja a tsakar gida: a faɗa wa dangin miji ko a yi shiru? Baba ne ya raba gardama daga kan tabarmarsa. Ya ce, "Shirun da aka yi mana ne ya kawo ni nan. Ku je ku faɗa musu." Aka faɗa. Sun ce a ba su lokaci, har yau muna jira.

Yanzu a gidanmu ana auna hawan jini duk Juma'a. An rage gishiri da dunƙule a miya, an daina sayen maganin ciwon jiki a tire, an daina shan jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Wannan ba ya goge gado, amma yana ja wa ƙoda kwana.

Mu da muke koyon rubutu, sau nawa muka kwantar da jarumi da kumburi muka ɗora wa kishiya? Mu ma mun yi. Yau kafin ku ɗauki biro, ku zauna da tsohuwar gidanku ku tambaye ta me ya yi ajalin wane da wance, ku rubuta a ajiye. Allah Ya ba Baba da sauran marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.