Ƙulun ya sace, amma kan bai warke ba

Idan yaro ya faɗo daga keke, gwiwa muke fara dubawa, sai tafin hannu, sai kuma wandon da ya yage. Haka nake gani a layinmu na Ƙofar Marusa, haka kuma nake gani a wurin aiki. Uwa za ta shigo tana nuna mini ƙujewar da ke jini, in na tambaya ko kansa ya bugu sai ta ce, "Ɗan ƙulu ne kawai, Sista, na danna masa." 'Yar'uwa, ƙujewa takan bushe cikin mako guda. Wanda nake so mu tattauna yau ba ya jini, ba ya kumburi, sau da yawa ma hoton asibiti ba ya nuna shi.

Ƙwaƙwalwa ba a manne take da ƙoƙon kai ba. Tana zaune ne cikin wani ruwa, kamar awara a kwano mai murfi. Idan kai yana tafe da gudu ya tsaya farat ɗaya, ita ba ta tsayawa tare da shi, sai ta jijjigu a ciki. Wannan shi ne girgizar ƙwaƙwalwa. Mafi yawan waɗanda abin ya sama ba sa suma ko kaɗan, saboda haka "ai bai suma ba" ba hujja ba ce. Kuma ba dole sai kai ya taɓa ƙasa ba, faɗuwa mai ƙarfi a kan haɓa ko kafaɗa ma tana iya jawo ta.

Za ki ce ina muka ga gangare a Katsina, garin da yake shimfiɗe kamar faifai? Tambayi yaranki, sun fi mu sani. Akwai bakin kududdufi, akwai ramukan da aka haƙi ƙasar gini damina ta zaizaye su, ga kuma saukar gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura da aka buɗe a 2023, inda na taɓa ganin wani yaro ya saki keke a gefen motoci har da ɗaga ƙafafu daga feda. Lissafin gudu kuwa ba ya tausayi: idan gudu ya ninka sau 2, ƙarfin buguwa ninkawa yake sau 4, haka ma tazarar da keke ke buƙata kafin ya tsaya. Sai ki haɗa wannan da keken haya na unguwa, wanda birkinsa silifa ne da yaro ke tokare taya da shi.

Nawa yaron yana da shekara 11 lokacin. Ɗan fari ne, don haka kada ku jira in faɗi sunansa, rubuta labarin ma sai da na daure. A hutun bayan ƙaramar Sallah suka haɗa kuɗin barka da Sallah shi da abokinsa suka karɓi keken haya, suka nufi wani gangare da ke bayan unguwa. Ya shigo gida gab da magariba, ya wanke ƙafa, ya zauna a gefen tabarma shiru. Tuwo ya zo bai taɓa ba. Sai ya ce, "Umma, gobe akwai islamiyya?" Na ce babu, hutu ake yi. Ba a jima ba ya sake tambaya. Da ya yi ta uku na ajiye ludayi, na jawo shi gaban fitila na shafa kansa, na ji ƙulu a bayan kunnen dama, cikin suma.

Bai faɗa mini ya faɗi ba. Abokin ne ya faɗa, shi ma sai da na rantse masa ba za a daki kowa ba.

A nan nake so ki tsaya tare da ni. Yaron da ya hau keken da aka hana shi, ko ya lanƙwasa wilin keken mutane, bulala yake tsoro fiye da ciwon kai. Zai ɓoye, abokansa za su taya shi ɓoyewa, ke kuwa awannin farko su ne kike buƙatar sanin gaskiya a cikinsu. Ban ce kada a tsawatar ba. Amma ki bar faɗan zuwa jibi, kuma tun yau, da lafiyarsu ƙalau, ki gaya musu cewa duk wanda kansa ya bugu ya zo ya faɗa, ba a dukansa.

Mun je asibiti a daren. Likita ya duba idanunsa da wuyansa, ya sa shi tafiya a kan layi ɗaya, ya yi masa tambayoyi, ya riƙe mu na 'yan awanni yana lura da shi. Da ya ga hankalinsa ya daidaita ya ce babu buƙatar hoton kai, mu koma gida mu sa ido. Wasu iyaye kan ji haushi idan ba a yi hoto ba. Hoton siti jini da karaya yake nema, girgiza zalla ba ta fitowa a ciki, kuma akwai tururin da ba a son ɗora wa yaro ba dalili.

Ga abin da ba a jira da shi, ko da ƙarfe 2 na dare ne. Amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai da ke ƙaruwa maimakon raguwa, barcin da ake tashinsa da ƙyar, jijjiga, magana a sarƙe, rashin gane mutane, mutuwar hannu ko ƙafa, baƙin ido ɗaya ya fi ɗayan girma, jini ko ruwa fari daga kunne ko hanci, ko ciwon wuya. Ko ɗaya kika gani, ku nufi sashen gaggawa na Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ba kemis ba, ba kuma wurin mai ɗori ba. Idan wuya yake kuka da shi tun a wurin da ya faɗi, kada a saɓa shi a kafaɗa ko a ɗora shi a babur kai yana lilo.

Dalilin wannan tsananin shi ne akwai zubar jini a cikin kai da ke zuwa da yaudara. Mutum ya tashi ya kakkaɓe jiki, ya yi hira, sai bayan awanni ya kife. A watan Maris na 2009 'yar wasan fim ta Ingila, Natasha Richardson, ta faɗi a wurin wasan zamiya kan ƙanƙara a Kanada. Ta tashi tana magana, ta ce ba ta buƙatar likita. Bayan kwana 2 ta rasu, jini ne ya taru tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa. Irin wannan ba shi da yawa, amma shi ya sa ba a barin yaro shi kaɗai a ranar farko. Barci kuwa ba laifi ba ne, magani ne ma, in dai likita ya duba shi kuma kina leƙa shi. Don ciwon kai farasitamol ya isa. A guji asfirin da ibufurofen a ranar farko, suna iya ƙara zubar jini.

Wahalar gaske bayan nan take farawa, lokacin da ƙulun ya sace kowa ya ce an warke. Yaron da ke haddace shafi cikin kwana biyu ya koma layi uku suna gagararsa. Hasken waya yana sa shi runtse ido. Ƙannensa na wasa a tsakar gida sai ya toshe kunne ya fashe da kuka, shi da ba mai kuka ba. Surukata ta kira ni gefe ta ce, "Anya yaron nan ba gamo ya yi ba a ramin nan? Da magariba fa abin ya faru." Na ce, "Hajiya, a yi masa addu'a, ba za ta ɓaci ba, amma wannan duk cikin ciwon ne, haka yake yi." Ta yi masa tofi, ni kuma na ci gaba da nawa. Abin da na ƙi yarda da shi kawai shi ne hayaƙi, kan da ke ciwo ba ya son turare mai ƙarfi.

A da ana cewa a kulle mai wannan ciwo a ɗaki mai duhu har ya warke. An bar wannan. Masana da suka yi taro kan girgizar ƙwaƙwalwa a birnin Amsterdam a 2022 sun tsaya a kan hutun kwana 1 zuwa 2, tare da rage kallon waya da talabijin, daga nan a fara motsi kaɗan-kaɗan: tattaki, ƙaramin aiken gida, karatu na minti 10 a huta. Idan ciwon kai ya ɗan motsa ya lafa, ba komai. Idan ya tashi sosai, a koma matakin jiya. Na je na sami malaminsa na islamiyya da na boko na roƙi a ɗaga masa ƙafa, kada a ɗauki mantuwarsa a matsayin wasa. Karatu shi ke fara dawowa, ƙwallo da keke da kokawa su ne na ƙarshe, domin buguwa ta biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta gama warkewa ba ta fi ta farko haɗari. Yawancin yara kan warware cikin mako 4. Namu ya ɗauki mako 3. Wanda ya wuce wata guda yana fama, a mayar da shi wurin likita.

Sai tsoro ya saura.

Babansa ya sayo masa keke na hannu mai birki biyu, don a raba shi da na haya. A fili yana hawa lafiya. Amma ko saukar dakalin masallaci ce, da zarar keke ya fara tafiya da kansa sai ya ƙanƙame, ya zuba ƙafafu ƙasa. Wani ƙanen babansa ya ce, "Haba ɗana, namiji da tsoron gangare? A kai shi can sama a sake shi, zai ware." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, wannan karon ba za a sake shi ba."

Ina da dalili biyu. Na farko, ba kowane tsoro ne daga zuciya yake ba. Girgizar ƙwaƙwalwa takan taɓa yadda ido da cikin kunne ke haɗa kai wajen daidaita tsayuwar mutum. Yaro zai ji garau a zaune, amma in abubuwa suka fara wucewa da sauri ta gefen idonsa sai jiri ya ɗebe shi, shi kuma bai san sunan abin ba, sai ya ce tsoro yake ji. Ki tambaye shi, ƙasa ce ke juya maka ko gabanka ne ke faɗuwa? In jiri ne, aikin asibiti bai ƙare ba. Na biyu, mai tsoro a kan keke ya fi kowa saurin faɗuwa. Hannunsa a sandare yake, idonsa a kan tayar gaba, kuma in ya firgita birkin gaba yake damƙa da ƙarfi, keke ya wuntsila da shi.

Tsoron gangare kuma ba abin kunya ba ne, waɗanda tseren keke ne sana'arsu ma sun san shi. A watan Yunin 2023 Gino Mäder, ɗan shekara 26, ya rasu bayan ya faɗi a saukar wani dutse a gasar Suwizalan. Hular kwano ma ba ta zama dole a manyan gasanni ba sai a 2003, bayan Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya faɗi ba hula a wata gasa a Faransa ya rasu. Mu nan kin tuna 2009, da aka ce dole 'yan acaɓa su sa hula, wasu a Kano suka kifa ƙwarya a ka. Mun yi dariya, amma har yau in yaro ya sa hular keke a unguwa sai an bi shi da kallo. Hula ba ta hana girgiza gaba ɗaya, ba zan yi miki ƙarya ba, amma tana rage fashewar kai da mummunan rauni ƙwarai. Ta zauna daidai goshi, a ɗaure igiyarta a haɓa, kuma wadda aka taɓa faɗuwa da ita ta gama aiki ko da ba ta tsage ba. Shi ya sa ba na son ta gwanjo.

Abin da muka yi ba shi da wuya, lokaci kawai ya ci. Bayan likita ya ce zai iya hawa, babansa ya kai keken wurin mai gyara aka canza robar birki, aka sauke sirdi yadda ƙafarsa za ta taɓa ƙasa. Ranakun Alhamis da Juma'a da la'asar suna zuwa fili. Makon farko birki kaɗai suka koya: a ja layi a ƙasa, ya taho a hankali, ya matse hannu biyu tare sannu-sannu, ya tsaya a kan layin. Daga nan suka koma ɗan gangare, amma daga gindinsa suka fara, taku biyar kawai sama. Sai ya sauko sau da yawa har abin ya gundure shi kafin a ƙara taku biyar. Babansa kan tsaya can gaba ya ce, "Ni za ka kalla, ba taya ba." Ranar da ya ce ya isa, ta isa, ko minti 5 aka yi.

Na san wata a cikinku za ta rubuto a ƙasa ta ce mafi sauƙi a hana keken baki ɗaya. Na yi wannan tunanin a daren da muke zaune a benci muna jiran likita. Amma yaron da aka hana a gida zai hau a waje, na haya, marar birki, a ɓoye, kuma in ya faɗi ke ce ta ƙarshen ji.

Yanzu wata 5 ke nan. Shi ake aike cefane, shi ke kai wa Hajiya abinci, hularsa a ka, yaran layi sun gaji da tsokana sun bari. Ƙananan gangare duk yana saukarsu. Wancan babban na bayan unguwa kuwa, ƙanwarsa ta kawo mini rahoto cewa in ya iso samansa sauka yake ya tura keken da hannu har ƙasa, abokansa na jiransa. Ban ce masa komai a kai ba, na kuma roƙi babansa shi ma kada ya ce.