Cijewar mota idan an taka totur: yadda ake gano sababinta a Makka

Cijewar inji, wato direba ya taka totur amma mota ta yi jinkiri ko ta shiga tari kafin ta ɗauki gudu, matsala ce da masu tsofaffin motoci a Makka suka sani sarai, har da Hausawan unguwannin Jarwal da Shari'a Mansur da ke neman abinci da su. Inji yana aiki da iska da mai da tartsatsin wuta a bisa ma'auni, kuma da zarar an taka totur iska ce ke fara kwararowa, saboda haka idan mai bai biyo ta nan take ba, sai ƙonewar ta yi rauni.

A motoci masu kafireta, irin tsofaffin Cressida da Hilux, akwai ɗan famfo da ke tsarto mai a daidai wannan lokaci, wanda robarsa ke bushewa ta tsage. Bakanike yakan kashe inji, ya cire matatar iska, ya leƙa maƙogwaron kafireta yana jan wayar totur da hannu. Idan bai ga mai ya tsarto ba, ya kama bakin zaren. Launin fulogi ma shaida ne, domin baƙin kunkunniya yana nuna mai ya yi yawa, fari fat kuwa yana nuna ƙarancinsa. A motoci masu nozul, ƙura kan toshe matata ko ta lulluɓe na'urar auna iska, kwamfutar motar ta riƙa aika mai bisa lissafin da ba daidai ba.

Lokacin da cijewar ke zuwa ya fi komai muhimmanci. Zafin Makka yakan haura digiri 45, kuma a cunkoson Ramadan da na aikin Hajji fetur na iya tafasa cikin bututu ya zama tururi, kwayil mai rauni ma ya gaza, shi ya sa motar da ta tashi lafiya da asuba take cijewa da azahar. Hawan dutsen Hada zuwa Ɗa'if, daga tsayin kimanin mita 300 zuwa kusan 2,000, yana rage wa inji ƙarfi da kamar kashi 3 cikin ɗari a kowace mita 300 saboda ƙarancin iska, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Amma fizga a kan hawan tana nuni ga famfon mai ko wayoyin fulogi. Idan inji yana ruri gudu bai ƙaru ba, kuloci ko giya ne ke sulɓewa.

Sauya fetur daga kore mai lamba 91 zuwa ja mai lamba 95 yana rage ƙwanƙwasar inji, amma ba ya buɗe matatar da ta toshe. Don haka ana fara bincike daga matatu da fulogi, masu araha, kafin a taɓa famfo ko nozul, bayan direba ya faɗi a wane yanayi motar ke cijewa.