Kafaɗar Makaɗi Da Nauyin Jita

Kowace shekara idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, bukukuwa su kan yawaita a birnin Bauchi, tun daga cikin ganuwa har Yalwa da Gwallameji. A wannan lokaci ne masu sayar da kayan kiɗan zamani su ke samun ciniki, gama ƙungiyoyin makaɗa da majami'u kowa na so ya shiga watan Disamba da kaya masu lafiya. Jitocin lantarki da a ke ratayewa a kantunan nan, da yawansu daga kasuwar Alaba ta Ikko a ke kawo su, wasu sababbi ƙirar ƙasar Sin, wasu kuwa na hannu ne da suka sha kiɗa a wata ƙasa. Mai saye ya kan dubi fenti, ya dubi sunan da aka rubuta a kan jitar, sa'an nan ya tambayi kuɗi. Da wuya a ji wanda ya tambayi nauyi.

Akwai wani dattijo mazaunin Yalwa wanda nauyin ne kaɗai ya fito da shi daga gida. A Jos ya koyi jita cikin 1978, zamanin da Bala Miller da jama'arsa a Kaduna su ke nuna wa mutane cewa Hausa na hawa kan jita da ƙaho ta zauna daram. Tun daga sa'an nan jita ɗaya ya riƙe, kwaikwayon samfurin nan Les Paul wanda kamfanin Gibson na Amurka ya fito da shi a 1952. Nauyinta kilo 4 da rabi. Ya shekara fiye da 40 yana rataya ta a kafaɗar hagu, wani dare awa biyar a tsaye, har kafaɗar ta gaji ta soma kai ƙara. Likita ya ce masa ko dai ya rage kaya, ko kuwa ya riƙa kiɗa a zaune. To, makaɗin biki da ya koma kujera ya kama hanyar gida ke nan, balle ma shugaban ƙungiyarsu ya riga ya fara kiran wani saurayi ranar da aiki ya yi yawa. Kuɗin da ke aljihunsa na adashen wata goma ne. In ya saya ya yi kuskure, babu na sake saye.

Ya tafi da ɗan ƙanwarsa, yaro ɗan makaranta mai son jita, wanda wayarsa ke cike da kiɗan mutanen Agadas. Gwaninsa Mdou Moctar, bahagon makaɗin nan na Nijar da ya harhaɗa jitarsa ta fari da katako da wayar birkin keke, ya kuma ɗauki faifansa na farko a Sakkwato cikin 2008. Yaron murya mai kaifi ya ke so, irin wadda ke yanka iska. Kawun kuwa abin da kafaɗa za ta iya ɗauka ya ke nema, in an samu da murya, madalla.

Da suka shiga kanti, mai kanti ya jawo waya zai haɗa da amfilifaya. Dattijo ya ɗaga masa hannu.

"Dakata tukuna, ɗana. Bari in ji ta ba wuta."

Wannan ita ce ƙa'idarsa ta farko, kuma tana da hujja. Lasifika mai ƙarfi ta kan rufe asirin jita, kamar yadda yaji ke rufe asirin nama. Idan aka kaɗa tsirkiya ba wuta, kunne zai ji ko sautin yana daɗewa kafin ya mutu, ko tsirkiya na gogar ƙarafan wuya tana zizar ƙudan zuma, ko akwai wani kusa da ya saki yana karkarwa. Abin da ya lalace a nan, wuta ba ta gyara shi, sai dai ta ƙara masa amo.

Jita ta farko da mai kanti ya sauko da ita ja ce wur, tana walƙiya, yaron ma har ya miƙa hannu. An aro sikelin maƙwabci aka ɗora ta, ba ta kai kilo 3 ba. Dattijo ya roƙi sukurdireba, ya kwance murfin bayanta, ya leƙa cikin ramin da wayoyi su ke. A nan ne fenti bai kai ba, a nan ne kuma katako ke faɗin sunansa. Sai ga falle-falle an manne su da gam, watau filawud ne mai laushi, har ɗaya daga cikin kusoshin jaki, inda tsirkiyoyi su ke hawa, ya fara jan katakon gaba.

Ba rashin nauyin ne laifinta ba. Bahaushe bai taɓa auna murya da sikeli ba, in aka tuna da kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, gwangwanin kifi da tsirkiya ɗaya, amma ya kewaya duniya. A Turai da Amurka ma akwai jitoci marasa nauyi masu daraja. Kamfanin Danelectro ya yi suna tun wajen 1955 da jitoci masu kogo a ciki waɗanda aka yi wa fuska da allon matsattsen garin katako, manyan makaɗa kuwa sun kaɗa su. Wani abin da zai ba 'yan katako mamaki shi ne, itacen da Gibson ta sassaƙa samfurin Flying V da shi a 1958, wanda su ke kira korina, shi ne afara da kafintocin Nijeriya suka sani. Maɗaci kuwa ɗan'uwa ne ga mahoganin Afirka da a ke yin jita da shi har yau. Saboda haka abin tambaya shi ne, mene ne ya sa jitar ta yi sakayau? In itace ne mai sauƙi wanda ya bushe sarai, ko an rarake cikinta da gangan bisa ƙa'ida, to alheri ne. In kuwa an yi tsumulmular kaya ne, aka sa katakon da ba ya riƙe kusa, da ƙarfen da bai fi gwangwani kauri ba, tsirkiyoyi shida da ke jan jaki dare da rana za su tona asiri kafin damina biyu.

Ya ɗaga ta ya sa ido ta kan wuya, kamar mai duba miƙewar gora. A nan ya daɗe. Wuyan jita iri biyu ya ke karkacewa. Akwai lanƙwasa irin ta baka, wannan mai sauƙi ce, don akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan wadda a ke murɗawa ta miƙe shi. Hasali ma a na son 'yar lanƙwasa kaɗan: in an danne tsirkiya a ƙarfe na farko da na ƙarshe, ya kamata a ga rata a tsakiya kamar kaurin takardar kati, ƙasa da rabin milimita. Akwai kuma murɗewa irin ta igiya, inda gefe ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka. Wannan gyaranta ba sauƙi, galibi sai sabon wuya. Ta jar jitar murɗewa ce. Ya shafa gefen wuyan da tafin hannu, bakin ƙarafan suka kusa yankarsa.

Wannan aikin hunturu ne. Masu ƙera jita sun fi son laimar iska ta tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A Bauchi kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, ta kan faɗo ƙasa da kashi 20 da rana. Katakon da aka yanka a ƙasa mai laima, ya biyo teku, ya kwana a Ikko, in ya iso nan sai ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai ya leƙo waje. Wanda ya sayi jita a watan Agusta bai ga halinta ba tukuna.

Ta biyu mai ƙaho biyu ce, kwaikwayon samfurin SG wanda ya fito a 1961, siririn jiki gare ta, kilo 3 cif. Katakonta ba laifi, wuyanta a miƙe. Dattijo ya sa mata maratayi, ya miƙe tsaye, ya saki hannu biyu. Nan take kanta ya sunkuya ƙasa. Wannan hali sananne ne ga jita mai sauƙin jiki da dogon wuya, sai makaɗi ya kwana yana tallafe da ita da hannun hagu, hannun da ya kamata ya sake ya yi yawo a kan tsirkiya. Ga saurayi ƙaramin abu ne, maratayi mai faɗi na fata ya kan rage shi. Ga mai ciwon kafaɗar hagu kuwa, an gudu ne ba a tsira ba. Ya mayar da ita ba tare da ya kushe ta ba.

Ta uku ba ta a gaba. Yaron ne ya hango ta a lungu bayan ganguna, baƙa, duk ƙwarzane, ƙirar Stratocaster wadda Fender ta fara a 1954, amma ba ta kamfanin ba ce. Mai kanti ya ce wani mawaƙin majami'a ne ya kawo ta ya yi musaya, ta yi shekaru a hannunsa a nan garin.

"Kawu, wannan ai tsohuwa ce."

"Ta ga hunturu nawa ba ta karkace ba? Miƙo ta."

Kilo 3 da ɗan ɗori. Cikin raminta katako ne guda, fari, mai sauƙi. Ta zauna a jiki daidai, ba ta sunkuya ba. Ya gwada kowace tsirkiya a sake, sa'an nan ya danne ta a ƙarfe na 12, wanda shi ne tsakiyar tsawonta, inda dole murya ta zama ita ce dai amma ta sama. Biyu sun ɗan zarce. Bai damu ba, kusoshin jaki ne, aikin minti goma.

Sai yanzu ya yarda a kawo wuta, kuma ya ce ba ta layi ya ke so ba, a tada janareta, a kunna doguwar fitilar nan ta kwalba da ke bisa kansu. Mai kanti ya yi dariya ya ce, "Baba, mai na da tsada fa." Dattijo ya ce zai biya kuɗin lita guda. Dalilinsa shi ne, a wurin biki da janareta a ke kiɗa, gara a yi jarrabawa a inda za a yi aiki.

Muryar jitar lantarki daga ɗan abin nan ta ke fitowa wanda ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, makaɗa na ce masa fikof, watau maɗaukin sauti. Maganaɗisu ne aka naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe wadda ba ta fi gashi kauri ba, zagaye wajen 8,000. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a bisansa sai ta haifar da 'yar wuta a cikin wayar, amfilifaya ta ƙarfafa ta. Masana na ta gardama a kan ko irin katako na sauya murya bayan an haɗa wuta, amma ba mai musun cewa kaso mafi tsoka na fikof ne, da wurin da aka dasa shi, da amfilifaya. Na kusa da wuya muryarsa kauri gare ta, na kusa da jaki kuwa kaifi.

Mai naɗi ɗaya shi ne mai garau ɗin muryar da yaron ke so. Aibinsa kwaɗayi, ba tsirkiya kaɗai ya ke ji ba, har wutar gida da ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa yana ɗauka, da ta taransifoma da ta fitila, sai a ji lasifika na gurnani ba wanda ya taɓa ta. Maganin wannan wani injiniyan Gibson mai suna Seth Lover ya nemi rajistarsa a 1955, aka fara sa shi a jitoci a 1957: naɗi biyu a jere, ɗaya na kishiyantar ɗaya, gurnanin ya kashe kansa, sautin tsirkiya kuwa ya haɗu ya yi kauri. Ladan da a ke biya shi ne kaifin ya kan ragu. Irinsa ne a tsohuwar jitar dattijo, shi ya sa bai saba da gurnani ba.

Baƙar jitar tana da masu naɗi ɗaya guda biyu, da mai naɗi biyu a wajen jaki. Ya ƙwanƙwasa kowanne da bakin sukurdireba yana juya makunni, don ya tabbata duka ukun na da rai. Na wuya ya yi gurnani, kamar yadda aka zata. Ya ɗora hannu a kan tsirkiya, gurnanin ya ragu, alamar wayar ƙasa tana nan a haɗe, da ƙaruwa ya yi da an san an juya wayoyi. Ya kai makunni tsakanin na wuya da na tsakiya, sai tsit, domin an naɗa na tsakiyar a juye. Ya ƙure murya ya matsa kusa da lasifika, ko za ta yi kururuwar nan mai huda kunne wadda fikof ke yi in ba a tsoma naɗinsa cikin kaki ba. Ba ta yi ba. Maɓallin ƙara murya ne kaɗai ke ƙarar yashi in an murɗa, ƙurar hunturu ta shige shi.

Sa'an nan ya yi kiɗa, a tsaye, kusan awa guda, har masu wucewa suka taru a bakin ƙofa. Gaskiya muryarta ba ta kai ta tsohuwar zaƙi ba. In ya ja dogon sauti, ta kan sake shi da wuri, inda waccan za ta riƙe shi har ya ga dama. Ya maimaita wurin sau uku, fuskarsa ba walwala. Amma a kiɗan rawa, inda yatsu ke tsinta ɗaya-ɗaya da sauri, ta fi waccan fitowa fili, ba ta nutsewa cikin ganguna. Da ya sauke ta ya juya kafaɗa, ya ɗaga hannu sama har ya wuce kansa, abin da ya daɗe bai yi ba bayan kiɗa.

Ciniki bai yi tsawo ba. Ya lissafa wa mai kanti aibobinta, maɓalli da jaki da tsirkiyoyi masu tsatsa, ya ce duk masu gyaruwa ne, amma a cire kuɗin gyaran. Mai kanti ya ce albarka sau biyu, a na uku ya sallama, ya ƙara masa da tsirkiyoyi sababbi masu laushi. Abin da ya ragu na adashe ya isa maratayin fata mai faɗin yatsa huɗu, wanda dattijo ya ce dukawa za su ɗinka masa.

A hanya yaron ya tambaya ko za a sayar da tsohuwar.

"A'a. Gobe ka zo ka ɗauka. Kai kafaɗarka sabuwa ce."

Yaron ya ce ai ba ta da kaifin da ya ke so. Kawun ya ce ya fara koyon riƙe dogon sauti tukuna, ran Asabar kuma akwai biki a Gwallameji, shi zai ɗauko amfilifaya.