Daga Ungogo Zuwa Daura A Kan Keke

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana masu keke.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa a ƙasarmu ta Ungogo suka jingine babur, suka kakkaɓe kekunan da suka daɗe a rataye. Wannan ba laifi. Amma fa wanda ya saba kai kayan miya birnin Kano ya komo kafin azahar, kada ya zaci tafiyar yini biyu ma haka take. Ina jin samari suna ƙulla niyyar zuwa Daura, waɗansu har Damagaram, ba su lissafin kome sai ƙarfin ƙafarsu. Ni na yi wannan tafiya a watan Janairu na 2024, ta Dambatta da Kazaure, tafiyar da ta haura kilomita 100, na kuwa tarar iska da rana su ke yanka wa matafiyi zango, ba ƙwauri ba.

Da hunturu iska daga arewa maso gabas take tasowa, ta kwaso ƙurar Sahara, musamman ta kwarin Bodele na ƙasar Chadi. To, wanda ya nufi Daura daga Kano arewa ya dosa, watau ya yi gaba da gaba da ita ke nan. Abin da ke ceton mutum shi ne da asuba takan kwanta, sai hantsi ya ɗaga take tashi. Saboda haka ina sallame sallar asuba na hau, da rigar sanyi, na naɗe kunnuwa da hanci da rawani. Sanyin wannan lokaci yakan sauka ƙasa da maki 15, yatsu su ƙage har kama birki ya zama aiki. Duk da haka tafiyar da na ci kafin hantsi ta fi wadda na ci daga hantsi zuwa la'asar.

Wanda bai san ƙasar nan ba zai yi mamakin cikarta. Daga Ungogo har ka yi nisa ba ka ganin daji, gona ce ke bin gona, gida na hangen gida. An riga an girbe gero da dawa, an tara kara, ga jakuna da amalanke suna kai taki gonaki. Amfanin wannan ga mai keke babba ne, don da wuya ka yi tafiya mai tsawo ba ka iske rijiya ko famfo, ko mai faci a gindin itace ba. Sai dai a san itacen da za a nufa. Kuka da rani tsirara take, ba ta da inuwar da za ta ba kowa. Gawo kuwa, da yake da damina yake zubar da ganye, yanzu ne yake lulluɓe. Amma kada a jawo keke har gindinsa, ƙayarsa ba ta jin kunyar taya. Tsamiya da darbejiya sun fi lafiya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Zafin bazara ba ya yaudara, kowa na ganin gumi yana zuba, ya nemi ruwa. Hunturu shi ne macuci. Iskar busasshiya ce, tana shanye gumi tun bai jiƙa riga ba, ga sanyi yana danne ƙishirwa, mutum yana ƙarewa bai sani ba. Alamunsa su ne leɓe ya tsage, kai ya yi nauyi, fitsari ya ragu ya yi ja, jijiyar ƙafa ta riƙa ɗaurewa. In an kai ga jiri, to, a sauka, kada a ce bari in kai gari na gaba, don mai jiri a gefen titin da manyan motoci ke bi ransa yake wasa da shi. Ni kowane rabin sa'a nakan kurɓi ruwa, ko ina so ko ba na so. A gora guda kuma na haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ma'aikatan lafiya ke koya wa mata: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abinci ma haka, kaɗan-kaɗan. Dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu, fura da nono in an yada zango. Wanda ya cika ciki da tuwo da rana tsaka, barci zai hau, ba keke ba.

A Dambatta na huta har rana ta karya, sa'an nan na ci gaba. Wajen Kazaure ƙasa ta sake, duwatsu suka bayyana, hawa ya yi yawa. Nan gajiya ta taru mini, ga iska a ƙirji, ga gwiwa tana ƙara. Inda hawa ya yi tsanani sauka na yi na tura, ban ga abin kunya a ciki ba, ko da yake yara sun yi mini dariya. Na kwana Kazaure, na shafa man kaɗanya a ƙafa da leɓe, na share ƙurar da ta cushe sarƙar keke na ɗiga mata mai. Kashegari kafin azahar ina Daura, na je na ga rijiyar Kusugu.

Komowa kuwa, kai! Iskar nan da ta wahalshe ni ita ta riƙa tura ni ta baya, har na ga kamar an sake mini keke. Don haka mai shirin tafiya arewa da hunturu ya ba zuwa lokaci fiye da komowa. Wanda kuma ya ce sai watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura maki 40, ban ba shi shawara ba, sai ko in zai yi tafiyarsa da asuba da yamma kaɗai.

Ina da niyyar in Allah ya kai mu hunturu mai zuwa in wuce Daura, in bi ta Kongolam har Damagaram. Ina roƙon masu karatu na wannan yanki da suka san hanyar su rubuto su gaya mini inda ake samun ruwa da masu faci bayan an ƙetare iyaka.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Mai Keke, Ungogo.