Garki: Kwandon Ƙarfe a Jikin Darbejiya

A hunturun bana ta'aziyya ta kai ni Garki, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Ringim a Jihar Jigawa. An riga an kawar da amfanin gona, gonakin gero da riɗi sun yi fayau, ƙura ta lulluɓe gari. Bayan sallar La'asar na fita miƙe ƙafa, na ci karo da samari kusan goma a wani fili mai yashi. Sun samo ƙarfen tsohuwar ƙafar keke, sun zare wayoyinsa, sun kafe shi a jikin darbejiya. Wannan shi ne kwandonsu. Ƙwallo ba ta tashi a kan yashi, don haka wasan nasu duk miƙawa ne da jifa.

Mafi tsawonsu ɗalibin wata kwaleji ne da ya zo hutu. Na ce masa, “Samari, ka taɓa buga gasa kuwa?” Ya rusuna ya ce, “Baba, da wa za mu kara? A waya muke ganin gasa.”

Gasar da yake kallo ta jami'o'in Amurka ce. Can an kasa jami'o'i rukuni-rukuni, galibi maƙwabtan juna. A watan Maris kowane rukuni kan yi gasar sili-ɗaya-ƙwale, zakaransa kuma ya sami gurbi kai tsaye a babbar gasar ƙasa. Ta wannan tsani Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya hau. Jami'arsa ta Houston ta lashe gasar rukuninta a 1983 da 1984, ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a shekarun biyu, ta kuma sha kaye duka biyun. Duk da haka a 1984 shi aka fara zaɓa cikin sababbin 'yan wasan NBA.

Ba sai mun haye teku neman misali ba. A Zariya Masai Ujiri ya tashi, ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya daɗe a Jami'ar Ahmadu Bello. Shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Abin da Zariya ta ba shi fili ne da koci da abokan karawa.

Jigawa ba ta rasa makarantun da za su haɗa rukuni ba. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da aka kafa a 2013, ga Kwalejin Ilimi ta Gumel, ga kwalejojin kimiyya da fasaha na Kazaure da Haɗejiya. Ƙungiyoyi biyar ke nan. Idan kowace ta ziyarci 'yan'uwanta gida da waje, wasanni 20 ne a shekara, sannan a rufe da gasar kwana uku a Dutse, a buga sakamakon a jarida, a faɗe shi a rediyo. Filin da ake buƙata mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, bai kai ko kusa da filin ƙwallon ƙafa ba. Daɓen siminti irin wannan bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ko wani attajirin gari ba.

Na san za a ce akwai buƙatun da suka fi wasa. Gaskiya ne. Sai dai ɗalibin da ke da atisaye da yamma da kocin da ke duba sakamakon jarrabawarsa ya fi wuyar faɗawa hannun masu sayar da ƙwaya.

Da aka kira Magariba, yaran suka cire ƙarfen daga bishiyar don kada masu gwangwan su yi gaba da shi. Dogon ya rataya shi a kafaɗa, muka nufi masallaci tare.