Ankara Ta Kaka Da Ankara Ta Na'ura

Rigachikun gari ne da ke bakin hanyar da ta tashi daga Kaduna ta nufi Zariya, a cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, arewa da kogin Kaduna. Hanyar jirgin ƙasa ta Ikko zuwa Kano ta ratsa ta nan, kuma a nan hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1976, shekarar da aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. Garin da ke kan hanya irin wannan ba ya rabuwa da baƙi. Akwai mutanen Nijar masu shayi da masu ga-ruwa, akwai direbobin manyan motoci, akwai kuma tsofaffin gidaje da kakanninsu suka yi fatauci har Gwanja. Saboda haka yaron Rigachikun yakan tashi da sunayen ƙasashe a bakinsa tun kafin a nuna masa taswira.

A wata ƙaramar sakandare ta garin akwai wani malami, wanda ya soma manyanta, mai koyar da ilmin zamantakewa a aji biyu. Wannan mataki na shekara uku bayan firamare ya samo asali ne daga tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982, kuma a cikinsa ne ake sa ran yaro ya fara neman ilmi da kansa, ba sai an ɗura masa ba. Makarantar ta sami 'yan kwamfutoci a laburarenta, ɗauke da rumbun bayanai, wato taskar da aka tara labaran ƙasashen duniya a ciki, aka jera su yadda in mutum ya buga suna sai bayani ya fito. Malam ya raba yara rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni ƙasa guda, ya ce su nemo babban birninta, da yawan mutanenta, da harsunanta, da abin da take nomawa ko haƙowa. A zatonsa wahalar za ta tsaya ga ɗaukewar wuta da ƙarancin na'ura, domin yara sun fi sittin. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba.

Rukunin da aka ba Gana yana da wata yarinya mai kaifin baki wadda tun ba a zauna ba ta ce ita ta san babban birnin, domin a can aka haifi kakarta. Ta buga Ankara. Na'ura ba ta yi gardama ba, ta fito da birni mai sanyi da dusar ƙanƙara, ta ce shi ne babban birnin Turkiyya tun 1923. Yara suka kwafe tsaf, suka kawo wa Malam takarda mai cewa mutanen Gana Turkanci suke ji.

Malam ya karanta, ya dube ta ya ce, "'Yata, wa ya gaya miki Ankara ce babban birnin Gana?"

Ta ce, "Malam, Kaka ce. A Sabon Zango na Ankara aka haife ta."

Ya ce, "To, Kaka ba ta yi ƙarya ba."

Ta ce, "Ashe na'urar ce ta yi?"

Ya ce, "Ita ma ba ta yi ba."

A nan ne darasin ya sauya hanya. Birnin da Turawa ke rubutawa Accra, wanda ya zama mazaunin mulkin Ingila a wannan gaɓar teku a 1877, shi Hausawa suka daɗe suna kira Ankara. Fataken goro ne suka kawo sunan gida, su da suka bi ta Salaga da Kumasi suka kafa zanguna har bakin ruwa. Iyayen kakar yarinyar suna cikin waɗanda suka dawo a 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta kafa dokar korar baƙin da ba su da takardun zama. Duk wannan tarihi yana ƙunshe cikin kalma ɗaya da yarinya ta buga, amma rumbun da aka gina da Turanci bai san da shi ba.

Da Malam ya zagaya sauran rukunoni sai ya tarar ciwon ɗaya ne. Masu Masar sun buga Masar ba su sami kome ba. Masu Habasha haka, masu Sin haka. Masu Nijar kuwa sun sha wahala iri biyu: sun nemi Yamai da Damagaram ba su gani ba, sai da aka nuna musu Niamey da Zinder, sa'an nan sunan ƙasar da Turanci ya yi kama da na Nijeriya, har suka kwafo wa Nijar jihohi 36. Wani malami a nan zai tsawata, ya ce a bar sunayen gida a ƙofar laburare, a shigo da na littafi. Wannan shi ne hanya mai sauƙi, kuma ita ce ke koya wa yaro cewa abin da ya ji a ɗakin kakarsa jahilci ne. Malam bai bi ta ba. Ya sa aka raba allo gida biyu, aka rubuta sunan da Bahaushe ke faɗi a dama, wanda na'ura ke ganewa a hagu, ya kuma ɗora wa kowane rukuni tambayar da ba ta cikin manhaja: ta wace hanya wannan suna ya shigo Hausa?

Amsoshin, da taimakonsa da na malamin Arabiyya, sun fi aikin asali daɗi. Masar da Habasha da Sin da Sham ta Larabci suka zo, ta bakin malamai da alhazai, ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar Hausa. Ingila da Faransa da Jamus baƙin jiya ne. Ikko daga Eko take, sunan da Yarbawa ke kiran garin. Damagaram kuwa sunan daula ne, kuma birninta ne ya riƙe mulkin Nijar ta Faransa har 1926, kafin a mai da shi Yamai. Yaro mai shekara goma sha uku da ya gano haka ya fahimci cewa sunaye ma tafiya suke yi, kuma kowanne da ayarin da ya kawo shi.

Abu na biyu da Malam ya dage a kai shi ne kwanan wata. A kan kantar laburaren akwai wani tsohon littafin taswira da bangonsa ya fita, wanda babu mai taɓawa tun zuwan kwamfuta. Ya sauko da shi, ya sa yara su nemi Burkina Faso a ciki. Babu ita, sai Volta ta Sama, domin sai a 1984 Thomas Sankara ya sauya sunan. Suka duba Sudan suka gan ta dunƙule, alhali ta rabu biyu a 2011. Suka duba tasu ƙasar suka ga tauraron babban birni a kan Ikko, ba Abuja ba, wadda gwamnati ta koma cikinta a 1991. Yara suka yi ta dariyar littafin. Malam ya bari suka gama, sa'an nan ya mai da su gaban na'ura ya ce su duba shekarar da ke maƙale da adadin mutanen kowace ƙasa. Nan suka ga wani adadin ƙidaya ce, wani kuwa kirdado ne. Na Nijeriya ya fi ba su mamaki, da suka ji miliyan 140 ɗin da wasu littattafansu ke ɗauke da shi na ƙidayar 2006 ne, wato ya girme su duka. Daga ranar ya kafa doka: duk wanda ya kawo adadi, ya kawo shi da wanda ya faɗa da shekarar da aka faɗa. Ga yaran da ke zuwa Islamiyya da yamma wannan ba baƙon abu ba ne, sun san ba a karɓar hadisi sai da isnadi. Abin da ba su taɓa zato ba shi ne a nemi isnadi a wurin na'ura.

Ba laifi a tuna cewa binciken ƙasashe ba da kwamfuta ya zo ƙasar nan ba. Muhammadu Bello ya buɗe Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, da bayanin ƙasashen Takruru, kuma da Kilafatan ya iso Sakkwato a 1824 ya koma da taswirar da aka zana masa a fadar Bello. Da me aka yi wannan aiki? Da littattafai, da kuma tambayar matafiya. Malam ya ɗauki rabin na biyun ya ba yara. Masu Nijar suka tafi wurin wani mai shayi mutumin Maraɗi, wanda ya lissafa musu garuruwan da ke tsakanin Jibiya da garinsu, ya gaya musu farashin tiyar gero da sefa. Masu Sudan suka sami wani tsoho da ya yi hajji ta ƙasa, ya ba su labarin Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, inda har yau ake jin Hausa da Fulatanci. Shafin Sudan na cikin rumbun bai ambaci garin ba ko da layi ɗaya.

Sai dai Malam bai yarda a mai da tsofaffi annabawa ba. Kakar yarinyar nan ta ce Kumasi ta fi kowane gari girma a duniya, aka rubuta, aka sa sunanta a gefe a matsayin mai faɗi, aka kuma rubuta abin da rumbu ya ce a ƙarƙashi. Wasu abokan aikinsa sun ga ɓata lokaci ne, tun da jarrabawa ba za ta tambayi asalin kalmar Ikko ba, kuma suna da hujja, domin aikin mako biyu ya ci mako biyar, wani babi na manhaja ya tafi a gurguje.

Ranar gabatarwa rukunin Gana ne ya fara. Yarinyar ta miƙe da takarda mai shafi uku, ta karanta sunan birnin iri biyu, ta faɗi ranar 'yancin kai, 6 ga Maris 1957, ta faɗi koko da zinariya, kowane adadi da shekararsa. A ƙarshe ta ce akwai tambayar da rukuninsu bai sami amsarta ba, ko a na'ura ko a gida: atamfar da ake kira ankara, daga wace Ankara ta sami sunanta? Malam ya rubuta tambayar a saman allo, ya ce kada mai shara ya goge ta sai zango mai zuwa.