Ciwon A-kori-kurar Kawu

Duk wanda ya taɓa hawa hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya san Talata Mafara, ko da kuwa saboda kasuwarta ce, wadda ranar cinta ta zama rabin sunan garin. A wannan yanki na tashi, a hannun ƙanen mahaifiyata, mutumin da ba shi da wata dukiya a duniya sai tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 404, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Motar ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita yake kwaso tumatir da albasa da shinkafa daga gonakin rani na Bakura da Maradun, waɗanda ke shan ruwan madatsar Bakolori da aka gama ginawa a kan kogin Sakkwato a 1978. Da ita kuma aka biya mini kuɗin makaranta tun daga firamare. Saboda haka idan na zo hutu ba a tambaya ta, ni ne karen mota.

A ƙarshen 2017 aka shiga wahalar fetur wadda ta tsallaka cikin 2018. Farashin hukuma naira 145 ne lita, amma samunsa a gidan mai sai mai dogon kwana a layi, don haka muka koma ga 'yan bumburutu. Cikin wannan hali ne motar ta tsiro da wani ciwo mai ban haushi. Sai ta tashi lafiya lau da asuba, mu yi tafiya mai ɗan nisa, kwatsam ta fara fizga kamar mai shaƙuwa, Kawu ya taka totur ta ƙi amsawa, daga nan ta mutu. A yi ta ba ta makulli ta ƙi. Amma in aka ƙyale ta kamar minti goma, sai ta tashi da bugu ɗaya kamar ba ita ba. Wata rana ta yi haka sau huɗu, wata rana ko sau ɗaya.

Makaniken farko bai ko bi mu hanya ba. Ya sauya filogi huɗu da kwantak, ya karɓi kuɗinsa. Na biyu ya kwance kafireto ya wanke, ya hura kowace kafa da baki. Na uku ya fi su wayo a magana. Ya ce zafi ne ke tafasa mai a cikin famfo ya zama tururi, shi ya sa sai ta huce take tashi. Ya ce mu riƙa ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon. Muka yi ta yi kuwa, kuma kullum muka ɗora muka jira sai ta tashi, har muka riƙa yaba masa. Ni da nake taƙama da karatun jami'a ban taɓa tambayar kaina ba ko tsumman ne ke aiki ko jiran. A tasha kuma an riga an yanke hukunci, wai bakin mutane ne, har wani ya kawo wa Kawu laya ya rataya a madubi.

Abin ya daina zama na dariya wata Litinin. Mun yi lodin kwandunan tumatir na mutane daga bayan Maradun, da alkawarin za su kwana a Mafara don kasuwar gobe. Ta mutu sau uku kafin la'asar, na huɗu kuma rana ta yi ja, a wurin da babu gida gaba babu gida baya. Mai karatu ya san abin da faɗuwar rana a wannan hanya take nufi a shekarun nan na 'yan bindiga. Kawu bai ce uffan ba, amma na ga hannunsa na rawa a kan makulli. Allah ya taimake mu ta tashi. Washegari kwando shida sun yi ruwa saboda ranar da suka sha, shi kuma ya biya masu su daga aljihunsa. A daren nan na ji yana ce wa matarsa zai sayar da motar ga masu yanka ƙarfe.

Wani dillalin albasa ne ya kwatanta mana wani dattijo a bayan tasha, wanda ya koyi aiki tun zamanin Italiyawan da suka gina madatsar. Garejinsa inuwar darbejiya ce kawai da akwatin sifanu. Ya saurari labarin har ƙarshe, sa'an nan ya yi tambaya ɗaya: "Da sanyin asuba ta taɓa mutuwa?" Kawu ya ce ƙwarai, cikin hunturun nan ma, kafin injin ya yi ɗumi. Dattijo ya ce, "To, aje zancen zahi." Ya ɗauki sifana biyu, da sukudireba, da tiyo, da ƙaramar jarka, ya shiga gaba ya ce mu je ta mutu a gabansa, domin likita ba ya duba marar lafiya ranar da ya warke.

Ba mu kai Lambar Bakura ba ta yi halinta. Kafin ta gama tsayawa ya dira. Ya ce mini, "Yaro, inji abu ukku ya ka ci: wuta, iska, mai. Wanda duk ya ɓace, shi mu ka biɗa." Ya zare wayar filogi ya kusantar da ita jikin inji, Kawu ya murɗa makulli, sai ga tartsatsi shuɗi yana tsalle. Wuta lafiya, wato kuɗin filogi da kwantak sun tafi a banza. Ya buɗe murfin tanki yana kasa kunne, ko zai ji tsotson iska irin na tankin da kafar numfashinsa ta toshe. Shiru. Ya cire matatar iska ya ɗiga fetur kaɗan a maƙogwaron kafireto, motar ta tashi ta yi ruri na ɗan lokaci ta sake mutuwa. Ya zare tiyon da ke shiga kafireto aka sake murɗawa, babu abin da ya fito sai ɗigo biyu.

A nan ne na ɗauka zai ce a sayo sabon famfo, don da ni ne abin da zan ce ke nan. Maimakon haka sai ya zare tiyon da ke kawo mai daga tanki, ya sa wani daga jarkarsa zuwa bakin famfon. Mai ya riƙa feshi da ƙarfi, bugu bayan bugu. Da wannan jarka a tsakanin ƙafafuna muka koma Mafara ba ko tari. Famfo lafiya, kafireto lafiya. Abin da ya rage tanki ne da bututunsa.

Da aka sauke tankin aka juye shi a kwano, aka sami tsatsa kamar cikin cokali biyu, da ruwa kaɗan a ƙasa, da wani yankin farar leda wanda bai kai tafin hannu ba. Dattijo ya ɗaga shi da tsinke ya yi bayani. Leda tana yawo a saman ruwa, amma a fetur nutsewa take yi, ta kwanta a gindin tanki. In mota ta shiga gargada sai ta yi ta kai da kawo har ta zo bakin bututu, famfo ya tsotse ta ta manne kamar faci. Ɗan man da ya rage a kwanon kafireto shi ne na fizgar nan. Bayan inji ya mutu, tsotson ba ya saki nan take, sai a hankali, shi ne minti goman da muke zaune muna jiƙa tsumma.

Ni kuwa tun da na ga ledar nan cikina ya ɗuri ruwa. 'Yan bumburutu sukan sa leda a ƙarƙashin murfin jarka don kada mai ya tsiyaye. Wata asuba a farkon wahalar man, ina juye jarka cikin duhu, na ji wani abu ya sulluɓe ta mazurari. Na haska na ga rabin ledar babu. Na ce a raina fetur zai narkar da ita, na rufe tanki ban gaya wa kowa ba, daga baya ma na manta. Sati biyar ke nan.

Kawu yana ta tsine wa masu sayar da mai, dattijo yana ɗaure tanki. Na daɗe ina juya maganar kafin na ce, "Kawu, ni ne." Na faɗa masa yadda aka yi. Ya dube ni, ya dubi ledar, ya yi shiru har na fara fatan ya mare ni a huta. Can dattijo ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "Alhaji, bar shi. Da ya hwaɗi tun ranar, aikin awa guda ne, shi ma ya gane."

Kuɗin aikinsa bai kai na filogi huɗun nan ba. Kawu ya biya, ya karɓi ledar ya naɗe ta, ya cire layar da ke madubi ya ɗaura ta a wurin. Tana nan rataye har lokacin da ya sayar da motar a 2023, bayan an janye tallafin mai, kuma duk fasinjan da ya tambayi mece ce wannan, sai ya ce a tambayi ɗan jami'a.